Tokar Inna a Jikin Motar Surukina

Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙanwata, "Kira min yayanku." In ba kowa kusa, sai ta yi gyaran murya ta ce "wane", tana kallon wani wuri dabam. Haka ake a garinmu, wani ƙauye da ke bayan Illela, kuma ban taɓa jin zafin abin ba, don tun ina ƙarami na gane cewa abin da bakinta ba ya faɗa hannunta yana yi. Kwanon tuwona ya fi na kowa ƙyalli. Keken da nake zuwa lakwal, makarantar boko, da shi, in na tashi da safe sai in tarar an goge masa ƙafafu, kuma ba mai cewa shi ya yi.

Inna gwanar wanke-wanke ce, duk garin an sani. Kayan aikinta toka ce, da rairayi mai laushi da take ɗebowa a bakin gulbi, da soso. Tukunyar dalma da ta shekara bisa murhu, in ta shiga hannunta sai ka ga fuskarka a ciki. Tana durƙusawa ta dafe abin da hagu, dama tana kewayawa, tana kewayawa, ba ta ɗagowa sai ta gamsu. In za a yi biki, mata gidanmu suke kawo tasoshinsu. Ba ta da wani abin taƙama a duniya da ya wuce wannan.

Da na fara koyarwa a Konni na yi aure a can. Matata ɗiyar wani Alhaji ce mai fataucin albasa, mutum mai ƙarancin magana. Ina jin kunyarsa har cikin ƙashina. Tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa in gaishe shi, in ya amsa in tashi in nemi wurin ɓuya. Yana da wata baƙar mota da ya sayo daga Kwatano, baƙa wuluk, kuma ba ya yarda kowa ya wanke ta sai a gabansa. Akwai wani ƙyalle mai laushi da yake ajiyewa ƙarƙashin kujera, da shi kaɗai ake taɓa jikinta.

Matata ta haihu a gidansu kamar yadda ake yi a haihuwar fari, ta yi wankan jego a can. Da aka yi arba'in, damina ta yi nisa, muka ce za mu kai wa Inna jikanta. Ina shirin neman motar haya sai surukina ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa. Ya ajiye mabuɗi bisa tabarma tsakaninmu.

"Ba a ɗaukar jinjiri cikin motar haya da damina," ya ce. "Ku tahi da wagga. Ni Tawa za ni da abokan fatauci, sai na komo."

Ban taɓa riƙe sitiyari da tsoro irin na ranar ba. Muka bi ta Tsarnawa, muka karya arewa, a Badaguishiri muka sayi kayan miya. Bayan Illela hanya ta ƙare, muka shiga laka. Kafin mu isa gida motar ta koma ja har wuya. Na ajiye ta ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidanmu don ta sami inuwa, na manta sarai cewa da damina balbelu ke kwana bisa tsamiyar nan.

Inna ta karɓi jaririn ta juya shi ta ce, "Wanga miji nawa bai da kyau, ku maida abinku," amma ta ƙi sakinsa. Ta yi wa matata sannu da hanya har sau nawa. Ni kuwa ko kallo ban samu ba. An dai kawo mini fura a kwanon da na sani tun ina yaro, yana ɗaukar ido.

Washegari bayan sallar asuba na zaga gaishe da dattawa. Kowane gida sai an tsare ni da hira, har rana ta ɗaga. Ina karyo kwana na hango motar tas, ba laka, ba kashin balbela, ruwa yana ɗiga daga jikinta. Na ji daɗi. Sai da na matso na ga ƙwaryar toka a gindin tsamiya, da soso a ciki, da ɗan tulin rairayi.

Ruwan ya bushe a gabana. Rana ta bugi murfin inji, wanda direbobi ke ce wa kapo, sai ga zane ya bayyana. Kewaye bisa kewaye, siriri, fari-fari, kamar gizo-gizo ya yi saƙa a jikin motar. Kapo duka, ƙofofi duka, baya duka. Rufin sama kaɗai ya tsira, shi ma don Inna gajeruwa ce, hannunta bai kai ba.

Ni mutum ne mai saurin fushi, waɗanda na koyar za su ba da shaida.  Na buɗe baki, ban ma san abin da zai fito ba. Matata tana tsaye bakin zaure, ta riga ni ganin komai. Ta taho da sauri ta ɗora mini jaririn a hannu, ta taka mini ƙafa da gangan.

Inna ta fito tana share hannu da bakin zane. Yatsunta sun yi jawur, gaɓoɓin sun ɗan ɗaye. Ita da kanta ta jawo ruwan a rijiya. Ta dubi matata, ba ni ba.

"Kashin balbela ya ƙi ruwa, sai da na sa mai toka," ta ce. "Motar mutane ce, ba a maida ta da ƙazanta. Kar babanki shi ce mu ƴan ƙauye ba mu san darajar kaya ba."

Fuskarta cike take da farin ciki. Idonta ya fara rauni a shekarun nan, abin da take gani baƙar mota ce mai tsabta.

A tsayen nan na gane abin da ke gabana. Motar dai mota ce. Amma in Inna ta san cewa ta ɓata kayan surukin ɗanta, da hannun nan da take taƙama da shi, ba za ta sake ɗaga kai ba. Ba za ta taka Konni ba har abada, ko da jikan nan ne ke kwance ba lafiya. In kuma matan garin suka ji, kafin kaka sun sa ta cikin waƙar daka. Na haɗiye fushina, ya wuce da ƙyar.

"An gode," na ce.

Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige.

Da muka komo Konni na sauke matata a bayan gidansu, na wuce garejin taubashina. Ɗan kawuna ne, ƙanen Inna ya haife shi, kuma tun muna yara ba abin da ke tsakaninmu sai tsiya. Ya koyi gyaran fenti a Sakkwato, ya dawo da injin goge mota, ya kafa rumfa bakin hanya. Aikinsa yana da kyau. Bakinsa ne ba shi da murfi. In ya ji magana da safe, kafin azahar mai shayi da mai faci da ƴan kabu-kabu duk sun haddace ta. Da akwai wani mai injin a garin da ba zan je wurinsa ba.

Ya zagaya motar, ya sunkuya, ya karkata kai yana kallon yadda rana ke bin zanen. Ya lakaci ɗan farin abu a lungun madubi ya shinshina. Sai ya zauna bisa tsohuwar taya ya fara dariya, har hawaye.

"Wanga hannun gwaggo ne," ya ce. "Na san shi. Da shi take cuɗa mu muna yara, bayana bai manta ba har yau."

Na kama wuyan rigarsa. Na ce masa in maganar nan ta fita daga rumfar nan, in ta kai kunnen Inna, ni da shi har lahira.  Ya dube ni, dariyar ta ragu. Ya miƙa hannu ya cire hular da ke kaina, sabuwa, wadda na ɗinka don suna, ya ɗora a nasa kan.

"To, an toshe min baki," ya ce. "Tura ta inuwa, taubashi. Ba a goge mota jikinta da zahi."

Ya fara da wanka, ruwa da sabulu mai yawa, har sai da ya tabbata ko ƙwayar rairayi ɗaya ba ta rage ba, don in ta shiga ƙarƙashin inji ita ma sabon zane za ta yi. Ya tsane ta. Ya bi robobin gilashi da bakin ƙofofi ya liƙe da sikoc, wato salatif. Sannan ya raba kapo biyu da layin sikoc, ya ce gefe ɗaya zai fara gwadawa.

Injin yana da faifai mai juyawa, ana manna masa soso. Ya ɗiga man goge bisa soson, ya dangwala nan da can, ya kunna a hankali ya baza shi, sannan ya ƙara gudu. Yana tafiya sannu, daga hagu zuwa dama, ya komo daga sama zuwa ƙasa, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Can ya kashe, ya taɓa ƙarfen da bayan hannu ya ji zafinsa, ya share da ƙyalle, ya haska fitilar salula. Zanen ya ragu amma yana nan.

"Gwaggo ba ta aikin wasa," ya ce.

Ya sauya soso mai tauri da mai mai ɗan kaushi. Na murza man tsakanin yatsuna na ji kamar gari a ciki. Ya ce ai shi ke nan sirrin. Bisa fentin mota akwai wata fata mai haske, ita ke ba da ƙyalli, ita Inna ta kwarzane. Ba cike zanen ake yi ba, fatar da ke kewaye da shi ake ragewa kaɗan-kaɗan har ta yi daidai da zurfinsa.

"Ka ga aikinmu ɗaya da gwaggo," ya ce. "Soso, da ƙasa, da kewayawa. Tata ƙasar ce ta hi tawa ƙarhi."

Da ya gama da mai kaushin sai wurin ya yi dishi-dishi. Ya koma soso mai laushi da mai mai laushi ya sake bi. Ya share, ya ɓare sikoc ɗin tsakiya. Gefe ɗaya saƙar gizo, ɗaya gefen baƙi mai zurfi, har ina ganin ramukan kwanon rumfa a ciki. 

Haka muka wuni. Kuran, wato lantarki, ya ɗauke, taubashina ya tada janareton da ake ce wa gurup, hayaƙi ya cika rumfar. Ni ke riƙe masa wayar injin kar ta shafi fenti, ni ke miƙa ƙyalle. Mai shayi ya leƙo ya tambayi abin da ya sami motar Alhaji.  Taubashina ya gyara zaman hulata a kansa ya ce, "Ƙaya ta shiga a daji, direban bai iya ba." Mai shayi ya dube ni ya yi dariya ya tafi. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Ƙofar direba ce ta gagara. Ƙasa da mariƙi akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu, ya bi shi da mai kaushi, ya sake bi, zanen yana nan. Ya ja farce a kai, farcen ya maƙale. Ya kashe inji ya ajiye.

Na ce ya ƙara. Ya ce a'a. Na ɗaga murya na ce ba shi da zuciyar aiki. Ya ce in ya ƙara ko sau ɗaya fatar za ta ƙare, fenti ya ƙone ya yi fari, sannan sai dai a sake fesa ƙofar duka, kuma Alhaji zai gane sabon fenti tun daga ƙofar masallaci.

"Nan ta hi dagewa," ya ce yana shafa wurin.

Na ce abin da ya ba ni haushi ke nan, balbela ba ta ma yi kashi a ƙofa ba, laka ce kawai, ruwa ya isa.

"Kai dai wawa ne tun muna yara," ya ce. "Ƙofar da kake shiga ce."

Na fita daga rumfar na tsaya bakin hanya ina kallon manyan motoci suna wucewa, don ban so ya ga fuskata ba. Da ya gani da na shiga uku, hula ɗaya ba za ta isa ba.

Surukina ya komo daga Tawa, na kai masa mota. Ta fi yadda ya ba ni ita ƙyalli. Ya zagaya ta hannuwansa a baya. Da ya zo ƙofar direba ya tsaya, ya sa babban yatsa ya shafa wurin nan. Ina durƙushe. Ba zan iya yi masa ƙarya ba, ba kuma zan iya ambaton Inna ba.

"Kun sha hanya," ya ce. "Yaya tsohuwa?"

Na ce tana gaishe shi. Ya karɓi mabuɗi ya shige gida. Daga ranar ban san abin da ya sani ba, na kuma kasa tambayar matata, ita ma ba ta tada maganar ba.

Da kaka ta yi, Inna ta aiko wa gidan surukaina damman hatsi da wake. Surukina ya ce wannan ba a gode masa da saƙo, da kansa zai je, ni zan tuƙa. Tun da na ji haka abinci ya daina yi mini daɗi. Na aika wa ƙanwata ta ɓoye soson Inna. Ta aiko mini da cewa soso ta ɓoye, amma ta yaya ake ɓoye toka a gidan da ake girki.

Ranar tafiya na ga abin da ban saba gani ba. Jikin motar tas kamar kullum, amma ƙarafan ƙafafunta huɗu sun yi baƙi ƙirin da ƙurar birki da busasshiyar laka. Na yi mamaki, amma wa ya isa ya yi wa Alhaji maganar motarsa.

Muka isa da hantsi, har da matata da jaririn. Na ajiye motar a fili, nesa da tsamiya. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, dattawa suka zo, aka kawo fura. Ana cikin gaishe-gaishe na hango Inna ta fita ta ƙofar garka, bokiti a hannu ɗaya, ƙwaryar toka a ɗaya. Ta sami wani soson. Ta nufi motar kai tsaye.

Na zabura zan tashi. Surukina ya ɗaga mini hannu, na koma na zauna. Ya miƙe da kansa, ya sa takalmi, ya fita. Na bi shi daga nesa.

Inna ta gan shi ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta durƙusa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida, gona, jika, gajiya. Sannan ya nuna motar.

"Inna, tun wankin da kinka yi ma motag ga, jikinta bai sake son komi ba sai ruwa. Dubi yadda take walƙiya har yanzu. Kar ki wahal da kanki da shi." Ya sunkuya ya nuna ƙasa. "Amma ƙafafun ga sun gagari ƴan Konni duka. In da hali a taimaka min da su."

Inna ta dubi ƙarafan, ta yi ɗan tsaki.

"Ƴan birni ba su san toka ba," ta ce.

Ta matsa ta dafe taya da hagu. Surukina ya juyo ya ce mini, "Ruwan ga ba ya isa, ɗebo ka riƙa zuba mata." Ya koma zaure.

Na shiga gida ɗebo ruwa, na tarar da matata a bayan zana da goyo, ta ga komai ta tsakanin karan. Ta ce tun ranar da na maida motar ta gaya masa, don babanta ne, ba ta iya ɓoye masa. Na ce me ya ce. Ta ce bai ce komai ba. Amma tun da aka sa ranar tafiyar nan ya hana kowa taɓa ƙafafun motar, har ya sa aka bi da ita ta hanyar fadama.

Na ɗauki tulu na fita. Inna ta riga ta gama rabin ƙarfe ɗaya, kuma a nan tokarta ta sami abin da ya dace da ita, dalma ce irin ta tukwanenta. Inda hannunta ya bi yana ɗaukar ido. Na durƙusa kusa da ita ina zuba ruwa, tana kewayawa. Rabon da in zauna kusa da ita haka tun ina ƙaramin yaro. Ina jin numfashinta, ina ganin furfurar da ta leƙo daga ɗankwali. Ina son ta har na rasa inda zan sa kaina.

Har Allah ya karɓi ranta ba ta san komai ba. Ta sha ba mata labarin yadda Alhajin Konni ya taso takanas don wankinta. Taubashina kuwa, mutumin da bai taɓa riƙe magana ta kwana ba, ya riƙe wannan, kuma hular tana wurinsa.

Amma a ranar, da muka zo ƙafa ta ƙarshe, ta yi magana tana kallon ƙarfen, ba ni ba.

"Wancan karon ban samu na kai ga ƙafafun ba," ta ce. "Na ji kunya."

"Wancan karon ma ya yi kyau, Inna," na ce.

"Zuba a hankali, wane," ta ce. "Kana jiƙa wandonka."